Ɓawon fai ɗinmu yana tauri, gindin tart kuma yana jiƙewa: ina muke kuskure?

Maman Sa'adatu ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaida iyayena da yayyena da ke wannan zaure, da fatan ana jure zafin bazara lafiya. Tambayata a kan gashin fai da tart ce, wato fai kwaɓi ne da ake rufe nama a cikinsa a gasa, tart kuma buɗaɗɗen ɓawo ne da ake jera 'ya'yan itace a kai, kuma zan faɗi yadda muke yi dalla-dalla domin masu sani su gano inda matsalar take.

Ni da aminiyata, wadda muka taso a layi ɗaya a Bagalam, muna haɗuwa a gidana kowace Asabar muna koyon wannan gashi. Ita ta yi zaman aure na wasu shekaru a Katsina, inda ta saba da fai na nama, wanda a nan wasu suke kira pate, ni kuwa tart na taɓa ci a wajen wani biki a Yamai, kuma tun daga ranar nake son in iya yinsa da hannuna. Ƙanwarta tana da tsohon ciki, kuma burinmu shi ne ranar suna mu ajiye wa baƙi abin da muka gasa da kanmu, ba cincin da fanke kaɗai ba.

Sau 4 ke nan muna gwadawa. Muna auna fulawa kilo 1, mu sa bota giram 250 da ƙwai 2 da gishiri, mu riƙa zuba ruwan famfo da ido har kwaɓin ya haɗu, sannan mu murza shi kamar minti 10 yadda ake yi wa kwaɓin burodi, sai ya yi santsi yana miƙewa. Muna farawa bayan sallar azahar, domin a lokacin ne dukanmu muke gama aikin gida. Naman kuwa muna soya shi da albasa da dankalin turawa da karas, kuma da an sauke muke ɗiba muna zubawa. Idan fai ya fito daga ƙaramin tanderun gas ɗina, wato fur, kamanninsa suna da kyau, amma ɓawon yana da tauri har idan aka ƙwanƙwasa shi da cokali ana jin ƙara, wasu kuma suna fashewa romon ya tsiyaye a faranti ya ƙone. Tart ɗin mangwaro ya fi ba mu baƙin ciki, domin gefensa ya yi baƙi alhali gindinsa yana nan ɗanye, ruwan mangwaro ya kwanta a kai.

Aminiyata ta ce yis ya kamata mu ƙara domin ya yi taushi, ni kuma ina zargin fur ɗin. Wace ce take da gaskiya a cikinmu? Sannan ita ba ta da fur a gidanta, shin ana iya gasa waɗannan abubuwa a tukunya? A ƙarshe, ko man shanunmu na gida zai iya maye gurbin botar kanti? Na gode.

Hajiya Inna ta amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗiyata, ki gaya wa ƙawarki kada ta sa yis, ke kuma ki bar zargin fur tukuna, domin taurin nan tun a cikin roba kuka haife shi, wuta ba ta yi komai ba illa fito da shi fili. Na daɗe ina yi wa mutane fai na biki, kuma abin da kika bayyana shi ne kuskuren da kusan kowace mace da ta iya burodi ko fanke take fara yi.

Fulawar alkama tana da wani sinadari da ake kira gulutin, wanda yake zama danƙo idan ya haɗu da ruwa aka murza shi. Mai burodi wannan danƙon yake nema, shi ya sa yake dukan kwaɓi har gumi ya keto masa. Mai fai kuwa gudunsa take yi. Aikin bota shi ne ta lulluɓe ƙwayoyin fulawa kafin ruwa ya kai gare su, ta yadda danƙon ba zai samu hanyar haɗuwa ba, sai ɓawon ya fito yana marmashewa a baki. Ku kun rage bota, kun yawaita ruwa, kun kuma yi murza ta minti 10, wato duk abubuwa ukun da suke ƙarfafa danƙo kun haɗa su a roba ɗaya.

Ma'aunin da ba ya ba da kunya shi ne nauyin mai ya zama rabin nauyin fulawa. Ku bar kilo ɗaya tukuna, ku koya da rabi: fulawa giram 500, bota giram 250, gishiri ƙaramin cokali 1, da ruwa mai sanyi ƙarara babban cokali 6 zuwa 8. Idan kun sa ƙwai ɗaya a ciki, ku rage ruwan. A yanka botar ƙanana tana da sanyi, a riƙa murtsuke ta cikin fulawa da kan yatsu kawai, ana ɗagawa ana saki, ba da tafin hannu ba, domin tafi ya fi zafi. Idan ta koma kamar tsakin dawa, da ɗan sauran gutsattsarin bota kamar ƙwayar wake nan da can, an isa. Daga nan a riƙa yayyafa ruwa cokali-cokali ana juyawa da wuƙa ko cokali mai yatsu, kuma da zarar kin damƙi kwaɓin ya riƙe siffar hannunki bai wargaje ba, ki tsaya, ko da kin ga bai yi santsi ba. Rashin santsin nan shi ne daidai. A naɗe shi a leda ya huta minti 30 a wuri mai sanyi kafin a murje.

Abu na biyu shi ne lokacin da kuke aikin. Bota tana narkewa tun daga wajen digiri 32 zuwa 35, zafin Maradi kuwa a watan Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40 har ya wuce, musamman tsakanin azahar da la'asar. Ke nan kafin ku gama aunawa botarku ta zama mai, kuma kwaɓin da botarsa ta narke ba ya yin ɓawo mai kyau. Ku mayar da haɗuwarku bayan sallar asuba. Idan akwai wuta, ku sa robar da fulawar kansu a firigo tun dare. Idan an ɗauke, ku sayi ƙanƙara ku sa a babbar roba, ku ɗora robar kwaɓin a kai. Ni ba na amfani da katakon murji a bazara, kwalba nake cikawa da ruwan ƙanƙara in toshe bakinta, in goge jikinta, in murje da ita. Kuma tunda ku biyu ne, ku taɓa hannun juna, wadda hannunta ya fi sanyi ita ce mai kwaɓi, ɗayar ta kama aikin nama.

Fashewa kuwa daga naman ne. Nama mai zafi yana narkar da botar ɓawo tun kafin a kai wuta, romo mai yawa kuma yana zama tururi ya nemi hanyar fita. Ki soya niƙaƙƙen naman da albasa da tafarnuwa da citta da masoro, ki zuba dankali da karas da kika yanka ƙanana, idan sun yi laushi ki barbaɗa babban cokali 1 na fulawa ki juya har romon ya yi kauri ya kama naman. Ki baza shi a faranti ya huce sarai. Kada ki cika zubawa, ki shafa ruwa ko ƙwai a baki, ki danne da cokali mai yatsu, sannan ki huda saman sau biyu ko uku domin tururi ya samu ƙofa.

Malam Mai Burodi ya amsa:

Ina gaida Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Duk abin da kika faɗa a kan danƙo haka yake, kuma ni da nake sana'ar burodi na fi kowa sanin cewa hannun da ya saba da dukan kwaɓi sai ya koyi sassauci kafin ya iya fai. Sai dai zan ƙara abu uku, ɗaya daga ciki kuma na ɗan saɓa miki.

A zafin nan namu, ni magarin mai tauri, wato man kanti mai kama da bota, nake ba masu koyo shawarar su fara da shi a fai na nama, domin ya fi botar madara jure zafi, ya kuma fi ta araha, ga shi fai irin na Najeriya da ƙawar Maman Sa'adatu ta sani galibi da shi ake yi. Akan sa masa ƙaramin cokali 1 na bekin foda a fulawa giram 500, wanda yake ba shi ɗan taushi. Ina jin abin da ƙawar take nufi ke nan da ta ambaci yis, don haka ba ta yi nisa da gaskiya ba, sunan ne ya sauya mata. Ɗanɗanon bota ya fi, wannan babu gardama, amma gara a adana ta domin tart.

Game da fur, ƙanwata, kada ki wanke shi daga laifi gaba ɗaya. Ƙananan fur na gas wutarsu daga ƙasa take, bayansu ya fi gabansu zafi, kuma lambar da ke jikin maɓallin ba kullum take daidai da zafin ciki ba. Ki kunna shi minti 15 zuwa 20 kafin ki sa komai. Fai yana son digiri 190 zuwa 200 na tsawon minti 25 zuwa 30, a layin tsakiya, a juya farantin gaba ya koma baya idan an yi rabin lokaci. Idan ba ki da ma'aunin zafi, ki barbaɗa cokalin fulawa a faranti ki sa a ciki ki duba agogo: idan ta yi ruwan zuma cikin minti 5 zafin ya yi daidai, idan ta yi duhu sosai ki rage, idan da ƙyar ta sauya launi ki ƙara.

Tukunya kuwa tana gasa fai sosai. A samu babbar tukunyar dalma mai kaurin gindi, a zuba rairayi mai tsabta wanda aka wanke aka shanya, kaurin yatsu biyu zuwa uku, a jera duwatsu uku masu tsawo ɗaya a kai, a ɗora farantin gashi a kansu yadda ba zai taɓa rairayin ko jikin tukunyar ba. Murfin ya zama na ƙarfe zalla wanda yake rufewa ruf. A sa gawayi kaɗan a ƙasa, a zuba garwashi a kan murfi fiye da na ƙasan, domin kuskuren da aka fi yi shi ne cika wuta a gindi, sai ƙasa ya ƙone sama yana fari. A bar tukunyar ta yi zafi minti 15 kafin a sa fai, kuma kada a buɗe ta a minti 20 na farko. Ina roƙon ku ku yi wannan aiki a tsakar gida, kada a shigar da gawayi ɗaki a rufe ƙofa, domin iskar da yake fitarwa tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

Anti Rabi ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Tunda Hajiya da Malam sun gama da fai, bari in tsaya a kan tart, domin shi na fi sabawa da shi.

Yaya, gindin tart ɗinki ya jiƙe ne saboda kin ɗora ɗanyen mangwaro da sukari a kan ɗanyen kwaɓi. Sukari yana janyo ruwan 'ya'yan itace waje, ruwan ya sauka kan kwaɓin tun bai gasu ba, daga nan ko awa nawa kika bar shi gefe ne zai ƙone, tsakiya ba zai bushe ba. Maganinsa shi ne a gasa ɓawon shi kaɗai tukuna. Kwaɓin tart mai zaƙi shi ne fulawa giram 250, bota giram 125, sukari mai laushi giram 75, ƙwai 1 da ɗan gishiri. Yana da saurin yagewa a zafi, don haka ni ba na ma murje shi, gutsura nake yi in riƙa dannawa da yatsu a cikin farantin har ya lulluɓe gindi da gefe da kauri ɗaya. A huhhuda gindin da cokali mai yatsu, a sa shi ya yi sanyi ya ƙame, a shimfiɗa takardar gashi a ciki, a cika da busasshen wake domin ya danne shi kada ya kumbura. A gasa minti 15 a digiri 180, a kwashe waken da takardar, a shafa ɗan ƙwai a gindin, a mayar minti 5 zuwa 10 har ya yi ja-ja. Wannan ƙwan shi ne yake zama katanga tsakanin ɓawo da ruwa. Waken ba zai ƙara dafuwa ba, sai a ajiye shi a gwangwani domin wannan aikin kaɗai.

Daga nan hanya biyu gare ki. Ko dai ki dama kirim da madara rabin lita, gwaiduwar ƙwai 4, sukari giram 100 da garin sitacin masara giram 40, ki riƙa juyawa a wuta har ya tafasa ya yi kauri, ya huce, ki zuba a ɓawon da ya gasu ki jera yankan mangwaro ɗanye a kai, ba tare da an sake komawa wuta ba. Ko kuwa, idan gasasshen mangwaro kike so, ki daka soyayyiyar gyaɗa da ɗan sukari ki baza a gindi kafin ki jera shi. Faransawa da garin almon, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, suke wannan dabara domin ya tsotse ruwan, mu kuwa a ƙasar gyaɗa muke, kuma ƙamshinta da na mangwaro suna tafiya tare. Ki zaɓi mangwaron aure mai tsoka wanda bai nuna luguf ba, ki guji mai zare.

Ga ƙawarki mai tukunya akwai nau'in da ya dace da ita ƙwarai, wanda ake kira tart Tatin, da sunan wasu 'yan uwa mata biyu da suka riƙe otal a garin Lamotte-Beuvron na Faransa a ƙarshen ƙarni na 19. Su da tuffa suke yi, amma mangwaro da ayaba ma suna yi. Ana narka sukari giram 100 a farantin ƙarfe har ya yi ruwan zuma, a sa bota giram 50, a jera 'ya'yan itacen a kai a matse, sannan a rufe su da kwaɓi daga sama a cusa gefen ciki, a huda. Tunda ɓawon yana sama, kusa da garwashin murfi, ba shi da hanyar jiƙewa. Idan ya gasu a bar shi minti 5 zuwa 10, a kifa faranti a kai a juya da sauri, da tsumma mai kauri a hannu, domin narkakken sukari yana ƙuna fiye da tafasasshen ruwa.

Akwai kuma na lemun tsami, wanda ya fi duka sauƙi: gwangwanin madara mai kauri da sukari na kusan giram 400, gwaiduwa 4, da ruwan lemun tsami rabin kofi. Tsamin ne yake kama madarar ta yi kauri, sai a zuba a gasasshen ɓawo a ba shi minti 15 a wuta mai sauƙi.

Uwar Biyu ta amsa:

Ba a taɓa maganar man shanu ba, kuma ni da shi nake yi. Botar kanti kusan kashi 82 cikin 100 mai ce, sauran galibi ruwa. Ɗanyen man shanu da muke saye wajen Fulani yana zuwa da sauran nono a jikinsa, don haka sai an wanke shi a ruwan sanyi ana matsawa da ludayi ana sauya ruwan har ya fito garau, sannan a sa shi ya ƙame. Soyayye kuwa ruwansa ya ƙone, mai ne zalla, saboda haka giram 200 ya isa fulawa giram 500, a ɗan ƙara ruwa, kuma ɓawonsa ya fi marmashewa. Ƙamshinsa yana yi wa fai na nama kyau matuƙa, amma a tart yana danne na mangwaro.

Tunda domin suna kuke shiri, ku kula da ajiya. Abinci mai nama ko kirim na ƙwai da madara bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa 1 ce. Ku yi kwaɓi da nama tun dare ku ajiye su dabam-dabam a sanyi, ku naɗe ku gasa ranar, ku riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan. Ni dai a taron bazara ba zan kai tart mai kirim ba, na gyaɗa da mangwaro ko Tatin zan kai.

Maman Sa'adatu ta sake rubutawa:

Iyayena da yayyena, Allah ya saka muku da alheri. Jiya Asabar aminiyata ta iso gidana gari bai gama wayewa ba, da ƙullin ƙanƙara a zanenta. Mun taɓa hannun juna kamar yadda Hajiya ta ce, nata ya fi sanyi, sai ta kama kwaɓi ni na fito da naman da na dafa tun dare. Da kwaɓin ya haɗu bai yi santsi ba hannuna ya so ya kai masa murza, ita ta riƙe ni. Mun bi shawarar Malam ta magarin da bekin foda, muka samu fai 12 daga rabin kilo, muka gasa 8 a fur, 4 a tukunya a gindin bedi. Babu wanda ya fashe, kuma da na ɓare na farko ɓawon ya zube mini a cinya marmashi-marmashi, abin da ban taɓa gani a gashinmu ba. Na tukunya biyu sun ɗan ƙone a gindi, mun gane gawayin ƙasa ne ya yi yawa.

Tart na gyaɗa da mangwaro ya fito da gindi busasshe, har ya ɗagu daga faranti bai karye ba. Tatin ne ya ba mu wahala, domin mun bar shi ya huce muna shan shayi, da muka juya sai rabin mangwaron ya manne a farantin. Anti Rabi, idan haka ta faru, a mayar da shi kan wuta sukarin ya sake narkewa, ko akwai wata dabara?

Anti Rabi ta amsa:

Haka ne, Yaya, ki ɗora gindin farantin a kan garwashi mai sauƙi na minti 1 zuwa 2, ki zagaya gefen da wuƙa, ki ɗan girgiza shi. Idan kin ji tart ɗin yana motsi a ciki, ki kifa faranti ki juya nan take. Yankan da ya rage a manne ki ɗauke shi da cokali ki mayar gurbinsa tun yana da ɗumi.